Tambayoyi da Amsoshi a Kan Sababbin Littattafan Almara, Soyayya da Ban Tsoro

Ni malamar Hausa ce a wata makarantar sakandare ta 'yan mata a cikin garin Sakkwato, kuma tun ina ƙaramar sakandare nake hayar littattafai a wurin wani dattijo da ke shimfiɗa su a kan buhu a bakin kasuwa, kwana biyu a mayar masa, idan bango ya yage a biya tara. Da yake an san ni da wannan jaraba, ɗalibai da iyayensu da abokan aiki sukan tare ni da tambayoyi a kan littattafan da ake yayi yanzu, har na lura cewa tambayoyin kusan iri ɗaya ne. Su ne na tattara a nan tare da amsoshin da nakan bayar. Ban kama sunan ko ɗaya daga cikin sababbin littattafan ba, domin aibin da zan faɗa ba na mutum ɗaya ba ne, wasu marubutan ma ba su kai ƙarshen labaransu ba tukuna.

Waɗanne littattafai ake magana a kansu, kuma ina ake samun su?

Iri uku ne. Akwai na almara, waɗanda masu sayarwa suka fi kira littattafan yaƙi ko na jarumta, inda ake cin karo da sadaukai da matsafa da biranen aljanu. Akwai na soyayya, waɗanda suka fi kowanne yawa nesa ba kusa ba. Sai kuma na ban tsoro, masu fatalwa da mayu da ƙungiyoyin asiri.

Bugaggen littafi ya ja baya ƙwarai. A shekarun 1990, lokacin da adabin kasuwar Kano yake tashe, dillalai kan ɗauko littattafai daga Kano a cikin kwali, na ɗaya da na biyu da na uku, a sayar ko a ba da haya. Yau kuwa mafi yawan abin da muke karantawa a waya yake, ta WhatsApp da Facebook da Wattpad da manhajojin sayar da littattafai. Marubuciya takan saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kai inda mai karatu ba zai iya haƙura ba sai a ce daga nan sai wanda ya biya, a tura kuɗi ta banki ko a aika katin waya, a nuna shaidar biya, sannan a saka mutum cikin rukunin masu karatu. Yana da kyau a riƙe wannan tsari a rai, domin da yawa daga cikin abin da zan yaba da wanda zan kushe daga gare shi suka samo asali.

Shin labaran almara baƙon abu ne da aka aro daga waje?

Ko kusa. Duk wanda ya tashi yana jin tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da Dodo a bakin kakarsa ya riga ya sha almara tun kafin ya san baƙi da wasali. Mu mutanen Sakkwato ma muna da hannu a adana wannan gado, domin kundin tatsuniyoyin da wani Baturen mulkin mallaka mai suna Frank Edgar ya buga juzu'i uku tsakanin 1911 da 1913, da yawa daga cikin abin da ke ciki malaman wannan yanki ne suka rubuta shi da ajami, ya isa hannun Edgar ta wajen Burdon, Baturen da ya yi Razdan na Sakkwato. Da aka yi gasar rubutun zube ta 1933 ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East a Zariya, biyu daga cikin littattafan da suka fito, wato Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara, dukansu sun kai jarumansu har ƙasar aljanu. Saboda haka marubucin almara na yau a gonar kakanninsa yake noma, ko ya sani ko bai sani ba.

To me ya sa kike yawan cewa na yanzu ba su gamsar da ke ba?

Saboda mafi yawansu ba su san ƙasar da suke takawa ba. Za ka buɗe littafi ka tarar da birni mai suna irin na Larabawa ko Farisawa, sarkinsa azzalumi, bokansa ya shekara dubu a kogon dutse, 'yar sarki kuma kyawunta ya kai a mutu don ita. Sai dai birnin babu kasuwa, babu marina, babu mai sayar da hura, ba a san abin da mutanensa ke nomawa ba, ba a san ko damina na sauka ba. Jarumi zai yi tafiyar wata uku a daji ba a ga inda yunwa ta kama shi ba, ya tarar da dakaru dubu ya bi su da sara da suka, ya share takobinsa ya wuce. Idan an yi haka sau ɗaya abin sha'awa ne, amma idan aka kai karo na bakwai sai mai karatu ya fara tsallake shafi, tunda ya riga ya san ko ƙwarzane jarumin ba zai samu ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne kayan aikin na nan jibge a ƙofar gidanmu. Ga kufan Surame, birnin Kanta na Kabi tun ƙarni na 16, da ganuwarsa ta duwatsu da har yanzu ake gani. Ga Alƙalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808. Ga gulbin Rima da Sarkawansa masu sanin sirrin ruwa, ga maharba da kirarinsu, ga maƙera da ke wasa da wuta, ga barade cikin sulke da lifidi, ga ayarin fatake da madugu da jagaba a kan hanyar Gwanja don neman goro, ga raƙuman Azbinawa ɗauke da gishiri. Marubucin da ya tsaya ya tambayi tsofaffi yadda ake ɗaura wa doki lifidi, ko abin da madugu ke yi idan ayari ya isa zango, zai sami abin da babu wani fim ɗin Indiya ko na Turkiyya da zai ba shi.

Ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. A bara na karanta wani da wata matashiya ta rubuta a kan 'yar Sarkawa da ƙanenta ya nutse a gulbi, ta ƙi yarda ya mutu, ta bi shi wurin mutanen ruwa. Abin da ya riƙe ni shi ne marubuciyar ta sanya wa asirin farashi: duk lokacin da yarinyar ta nemi taimakon na ƙarƙashin ruwa, sai sunan ɗaya daga cikin danginta ya goge a zuciyarta. Ta fara da mantar da sunan wata gwaggonta ta nesa, abin bai dame ta ba, har aka zo ranar da ta tsaya gaban mahaifiyarta tana kallon ta tana lalube. Babu dakaru dubu a littafin, kwalekwale ɗaya ne da homa da fitilar ƙwai, amma na ajiye shi ina share hawaye.

Littattafan soyayya sun canza daga yadda aka san su?

Tufafin sun canza, amma mutumin da ke ciki yana nan. Saurayi dai ɗan attajiri ne, likita ko hafsan soja, ya yi karatu a Ingila ko Dubai, miskili ne wanda magana ke yi wa wuya. Budurwa kuma marainiya ce fara tas mai gashi har gadon baya, tana shan wahala a hannun kishiyar uwa. Za a ɗaura musu auren da ba sa so, ya wulaƙanta ta na tsawon shafi ɗari, sannan wata rana zazzaɓi ya kama ta ya gane cewa ba zai iya rayuwa ba sai da ita. A tsakani kuma a cika shafuka da lissafin akwatunan lefe da sunayen motoci da yadda aka haɗa miyar da aka ci da dare.

Ba na ƙin mafarki, domin wadda ta wuni a gaban murhu tana da haƙƙin ta kwanta ta karanta gidan da ake kunna sanyi dare da rana. Abin da ba na yafewa shi ne yadda ake mayar da mugunta ado. Namijin da ya mari matarsa, ya kulle ta a ɗaki, ya hana ta zuwa gaida iyayenta, sai a kira wannan kishi ko zafin so, a ƙarshe ya kawo sarƙar zinariya magana ta wuce, babu wanda ya tambaye shi ba'asi. Ɗalibaina 'yan shekara 15 da 16 ne ke karanta wannan, kuma na taɓa jin wata a bakin aji tana gaya wa ƙawarta cewa ita namiji mai sanyin hali ba ya burge ta.

Sai dai a wannan fanni ne kuma na ga mafi kyawun rubutu na 'yan shekarun nan. Tun da Hafsat Abdulwaheed ta fitar da So Aljannar Duniya a 1980 mata suke amfani da labarin soyayya don faɗin abin da ba a ba su damar faɗa a zaure, kuma wannan hanya ba ta toshe ba. Na karanta labarin bazawara mai 'ya'ya uku da ke tuyar masa, da irin kallon da dangin sabon manemi suka yi mata. Na karanta na masoyan da gwajin jini ya raba bayan an sa rana, saboda tsoron haifar mai ciwon sikila. Na karanta na wasu da suka haɗu a gidan da aka sauki waɗanda 'yan bindiga suka koro daga ƙauyukan gabashin jihar nan, inda duk abin da saurayin ya iya bayarwa shi ne ya riƙa tsaya mata a layin ɗiban ruwa. Ina kyautata zaton gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa, da aka fara a 2016, ta taimaka wajen koya wa marubuta mata cewa ana iya gama labari mai nauyi cikin 'yan shafuka.

Me ya sa labaran ke da tsawo har mutum ya gaji?

Tsarin sayarwar ne ya jawo. Wadda ta karɓi kuɗin mutane dole ta ba su shafi kullum ko duk bayan kwana biyu, in ba haka ba a dame ta da ƙorafi, kuma kowane shafi dole ya tsaya a inda zai hana barci. Don haka ake ƙirƙiro hatsarin mota da ɓatan tunani da tagwayen da aka raba tun suna jarirai, ba don labarin ya buƙace su ba. Masu karatu ma suna da laifi, domin sharhin da suke yi a ƙarƙashin kowane shafi yakan karkatar da alƙalami: idan suka tsani kishiya sai a haukatar da ita, idan suka so wani ɗan rakiya sai a nemo masa mata. Ga shi kuma babu editan da zai ce a yanke nan.

Wane irin littafin ban tsoro ne ya fi tasiri a kanki?

Wanda bai zubar da jini ko ɗigo ba. Na ban tsoron da suka fi yawa su ne na ƙungiyar asiri, inda attajirai ke taruwa da jajayen kaya a wani gida a bayan gari, ana yanka ana shan jini a ƙoƙon kan mutum. Wannan ƙyama yake sawa, kuma ƙyama daban take da tsoro. Bayan shafi goma sai ido ya saba, kamar yadda mahauci ya saba da mayanka.

Wanda ya kama ni kuwa labarin wata amarya ce da aka kai gidan gandu, aka ba ta ɗakin wata tsohuwa da ta rasu. Kullum kafin kiran assalatu sai ta ji ana daka a bayan ɗakin, lugude a hankali irin na mai ƙarfin da ya ƙare, idan ta leƙa sai ta ga turmi a kife yadda aka bar shi. Da ta gaya wa uwar mijinta, matar ba ta yi mamaki ba, ba ta kuma yi salati ba, cewa kawai ta yi kada ta ƙara barin taɓarya a waje. Wannan amsa ita ce ta tayar mini da tsigar jiki, domin ta nuna kowa a gidan ya sani, an dai yi shiru ne.

A cikin bazara na karanta shi, lokacin da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, an ɗauke wuta, duk mun fito da tabarmi tsakar gida. Kowa ya yi barci sai ni da hasken waya. Ina daidai wurin da amaryar ta sa hannu za ta ɗaga turmin, sai na ji ƙarar ƙarfe a zaure, ƙurr, ƙurr, a hankali. Na karanta Ayatul Kursiyyu ban san iyaka ba kafin na iya tada ƙanena, na ce, "Don Allah tashi ka duba zaure." Ya dawo yana dariya, ashe akuyar maƙwabta ce ke susar jikinta da ƙyauren langa-langa. Har yau idan ya gan ni da waya da dare sai ya ce, "Yaya, a ɗaure akuya ko a bar ta?"

Ina ganin marubutanmu na wannan fanni za su ƙaru idan suka koma ga waƙoƙin wa'azi na malaman jihadi, irin waɗanda Nana Asma'u da 'yan'uwanta suka bari, su ga yadda ake siffanta kwanan kabari da tsayuwar alƙiyama da kalmomi kaɗan, a bar zuciyar mai sauraro ta ƙarasa sauran.

Karanta labaran aljanu da mayu bai saɓa wa addini ba?

Hukunci na malamai ne, ni ba malamar fiƙihu ba ce. Abin da zan iya faɗa a matsayin mai karatu shi ne samuwar aljanu ba abin musu ba ne ga Musulmi, tunda akwai sura sukutum da sunansu. Inda nake ja da baya shi ne littafin da ke nuna boka a matsayin mai biyan kowace buƙata, a kwashe shafuka ana bayanin yadda ake haɗa surkulle, sannan a liƙa tuba a shafin ƙarshe don wanke kai. Akwai kuma wata illa da ba a cika magana a kanta ba, wato yadda kusan kullum mayyar labari tsohuwa ce matalauciya marar ɗa. A unguwanni da ƙauyukanmu zargin maita ya sha raba tsofaffi da gidajensu, ya sa yara su jefe su, kuma marubucin da ke ƙara wa wannan wuta itace ya kamata ya san abin da yake yi.

Yaya uwa za ta gane littafin da bai dace da 'yarta ba?

Gaskiya ne akwai na batsa tsagwaronta, kuma sukan fake da sunan gyaran aure ko a rubuta cewa na matan aure ne kawai, alhali babu mai tambayar shekarun wanda ya turo kuɗi. Hani shi kaɗai bai taɓa wadatarwa ba. A 2007 an ƙone littattafai a Kano da sunan gyaran tarbiyya, karatun bai tsaya ba, balle yanzu da littafi ke ɓoye cikin waya. Abin da nake gaya wa iyaye shi ne su ce yarinya ta ba su labarin abin da take karantawa, a lokacin tsintar shinkafa ko kitso. Wadda ke karanta abin kirki za ta zuba labari har a gaji, wadda kuwa ta fara inda-inda tana cewa ta manta, to a karɓi wayar a duba.

Me za ki ce game da Hausar da ake rubuta su da ita?

Nan ne malamar Hausa ke shan wahala. An daina bambanta ƙ da k, ko ɗ da d, har ka rasa ko ƙofa ake nufi ko wani abu dabam, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana raba na haɗewa. Masoya kuma da zarar zance ya yi daɗi sai su koma Turanci, kamar Hausa ba ta da kalmar lallashi. Abin da ya fi sosa mini rai a matsayina na Basakkwatiya shi ne ba a sa Sakkwatanci sai a bakin 'yar aiki ko baƙauyen da za a yi wa dariya. Ban ga dalilin da zai hana jaruma ta ce "mi kaka so" a ɗauke ta da daraja ba. Marubutanmu na nan gida ma sukan gudu daga harshensu su ari na Kano, alhali ga masana a Jami'ar Usmanu Danfodiyo da suka daɗe suna nazarin wannan karin harshe, waɗanda za a iya tuntuɓa.

Sauraron littafi a YouTube ko rediyo daidai yake da karanta shi?

Ba daidai ba ne, amma yana da nasa amfani, domin ya kai labari ga waɗanda ba su yi boko ba da waɗanda hannunsu ke cikin aiki. Kuma kunne ya fi ido saurin kama ƙarya. Mahaifiyata takan saurara tare da ni tana ɓarar gyaɗa, wata rana muna cikin wani na soyayya sai ta ɗago ta ce, "Shin wanga yaro mi yaka yi na sana'a? Tun shekaranjiya nike jin shi cikin mota." Na ce, "Inna, ai ɗan mai kuɗi ne." Ta ce to Allah ya kyauta, ta ci gaba da ɓararta. Da na koma na duba rubutaccen, sai na tarar lallai an yi babi tara ba a ga ya taɓa aikin komai ba.

Kin taɓa biyan kuɗin littafi kika yi da-na-sani?

Sau da yawa, amma ɗaya ne ya tsaya mini a rai, kuma ba don ya yi muni ba. Na biya naira 500 na shiga karatun wani labari da ya haɗa soyayya da ban tsoro, na wata matar da mijinta direban babbar mota ya ɓata a hanyar Illela, bayan shekara biyu ya dawo da daddare ya yi sallama da muryarsa, sai dai ba ya cin abinci kuma inuwarsa ba ta faɗuwa a bango. Marubuciyar ta riƙe mu wata biyu cur. A shafi na ƙarshe da ta saki, matar ta aika a kira wan mijin, ta zauna a bakin gado riƙe da fitila tana jiran gari ya waye, shi kuma yana zaune a kan darduma ya ba ta baya. Daga nan marubuciyar ta ce za ta yi 'yar tafiya, za a ci gaba bayan Sallah. An yi ƙaramar Sallah an yi babba, lambarta ta daina shiga, mutane suka yi ta zage-zage suna ficewa daga rukunin. Mu goma sha wani abu muka rage, kuma ni ban fita ba. Duk ranar Juma'a bayan la'asar nakan buɗe in duba ko ta dawo.